Charles Babbage: mutumin da ya zana kwamfuta, ya mutu bai ga an ƙera ta ba

Duk littafin koyon kwamfuta da ka buɗe, a shafin farko ko na biyu za ka tarar da hoton wani dattijon Bature mai murtukakkiyar fuska, an rubuta a ƙasa wai shi ne uban kwamfuta. Yara su haddace sunan, su zuba shi a takardar jarrabawa, su manta. Sunan dattijon Charles Babbage, mutumin Ingila. Abin da littattafan ba su cika faɗa ba shi ne, bawan Allahn nan ya yi kusan shekara 50 yana fama da injunan lissafi, har ya koma ga Mahaliccinsa bai kammala ko guda ɗaya ba. Ni a ganina wannan ɓangaren ne ya fi cancantar a ba da labari, don a nan darasin yake ga duk mai sha'awar harkar na'urori.

An haife shi a Landan ranar 26 ga Disamba, 1791. Mahaifinsa, Benjamin Babbage, mai harkar banki ne, don haka yaron bai san talauci ba. A 1810 ya shiga jami'ar Kambirij, kuma tun da ya riga ya karance littattafan lissafi da kansa a gida, sai ya ga abin da ake koyarwa bai kai yadda ya zata ba. A lokacin masanan Ingila sun kafe kan salon rubuta lissafi na Isaac Newton, saboda kishin ƙasa, alhali Faransawa da Jamusawa sun yi nisa da salon Leibniz wanda ya fi sauƙin aiki. A 1812 shi da abokansa John Herschel da George Peacock suka kafa ƙungiya don a sauya wannan. Kun ga tun yana ɗalibi halinsa ya fito: in ya ga abu ba daidai ba, ba ya iya yin shiru, ko da kuwa manya ne suka yi shi. Ya gama karatu a 1814, a shekarar kuma ya auri Georgiana Whitmore.

To, mece ce matsalar da ta hana shi barci? Waɗanda suka yi makaranta kafin na'urar lissafi ta wadata za su tuna ɗan littafin nan mai jadawalin logaritim, wanda ba a shiga jarrabawar lissafi sai da shi. A zamanin Babbage, duniya kacokan kan irin waɗannan jadawalai ta dogara. Matuƙin jirgin ruwa da su yake gane inda yake a tsakiyar teku. Mai awon ƙasa, mai nazarin taurari, mai kamfanin inshora, kowa da nasa. Mutane ne ke zama su lissafa su da hannu, wasu su kwafe, wasu kuma su jera lambobin a maɗaba'a. A kowane mataki kuskure na iya shiga, kuma kuskuren lamba ɗaya na iya kai jirgi kan dutse. Kalmar nan ma da muka ara muka mai da ita kwamfuta, a Turancin wancan zamani sunan ma'aikaci ce, wato mutumin da ake biya ya yi ta lissafi daga safe har yamma.

A 1821 Babbage da Herschel suna duba wasu jadawalai da aka shirya wa ƙungiyar masana taurari, suka yi ta cin karo da kurakurai. Abin ya ishi Babbage, har ya yi fatan ina ma a ce injin tururi ne ke wannan aiki. Wani zai faɗi haka don takaici ya wuce. Shi kam sai ya koma gida ya fara zane.

Dabarar da ya hau kanta mai sauƙi ce, ɗan aji shida ma zai gane ta. Ɗauki lambobin da ake samu in an ninka lamba da kanta: 1, 4, 9, 16, 25. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce 3, 5, 7, 9. Tazarar da ke tsakanin waɗannan kuma kullum 2 ce. To in kana son lamba ta gaba, ba sai ka ninka 6 sau 6 ba. Ƙara 2 a kan 9 ka sami 11, ƙara 11 a kan 25 ka sami 36. Ka ga an kori ninkawa, tarawa kaɗai ta rage. Tarawa kuwa abu ne da ƙafafun ƙarfe masu haƙora za su iya yi, kowace ƙafa an rubuta mata 0 zuwa 9, in ta zagayo sau ɗaya ta tura maƙwabciyarta gaba da haƙori ɗaya. Wannan shi ne injinsa na farko, wanda za mu iya kira Injin Bambanci. Ya kuma tsara cewa injin da kansa zai danna amsar a jikin farantin ɗab'i, don kada hannun mutum ya sake ɓata abin da ƙarfe ya gyara.

A 1822 ya nuna ɗan ƙaramin samfuri, a 1823 gwamnati ta fara sakin kuɗi. Ya ɗauki Joseph Clement, ɗaya daga cikin maƙeran da suka fi kowa iya aikin ƙarfe mai laushi a Landan. Injin na buƙatar sassa kusan 25,000, ɗaruruwa daga ciki kuma dole su zama iri ɗaya sak. A lokacin ko kusoshi masu zare ba su da ma'auni guda, kowace maƙera da nata. Sai da Clement ya ƙirƙiro sabbin kayan aiki kafin ya iya ƙera sassan.

Ana cikin haka 1827 ta zo masa da baƙin ciki. A cikin shekara ɗaya ya rasa mahaifinsa, da matarsa, da 'ya'yansa biyu. Cikin 'ya'ya takwas da Georgiana ta haifa masa, maza uku ne kawai suka yi tsawon rai. Bai sake aure ba. Ya gaji dukiya ta kusan fam 100,000, ya fita yawon ƙasashen Turai don ya sami sauƙin zuciya. Yana can aka ba shi kujerar farfesan lissafi ta Kambirij, wadda Newton ya taɓa zama a kai. Ya riƙe ta daga 1828 zuwa 1839 bai taɓa tsayawa gaban ɗalibai ya ba da darasi ko sau ɗaya ba. A matsayina na malami, wannan kam ba zan yaba masa ba.

A 1832 Clement ya haɗa kashi ɗaya cikin bakwai na injin, sassa wajen 2,000, ya kuwa yi aiki lafiya lau. Babbage ya ajiye shi a falonsa, yana nuna wa baƙin da ke taruwa gidansa daren Asabar, cikinsu har da Charles Darwin da Charles Dickens. Ya ba da labari a littafin tarihin rayuwarsa cewa sau biyu 'yan majalisa suna tambayarsa ko injin zai ba da amsa daidai in an sa masa lambobin da ba daidai ba. Kada mu yi musu dariya da yawa, don har yau akwai masu ganin duk abin da ya fito daga allon kwamfuta gaskiya ne, ko da shirme aka zuba mata.

Shekara ɗaya bayan haka komai ya tsaya cak. Babbage ya gina wurin aiki wanda gobara ba ta ci kusa da gidansa, ya ce Clement ya kwaso kaya ya dawo can. Clement ya nemi diyya mai yawa, aka hana shi. Dama kuɗin gwamnati ba sa zuwa a kan lokaci, ga shi tsakanin mutanen biyu babu yarda. A 1833 Clement ya sallami ma'aikata, ya rufe aikin, ya riƙe kayan aikin da aka ƙera da kuɗin injin, domin al'adar sana'ar ta ba shi wannan haƙƙi. Sassa wajen 12,000 da aka riga aka ƙera, daga baya narkar da yawancinsu aka yi. Gwamnati ta kashe sama da fam 17,000, kuɗin da a lokacin za su sayi kan jirgin ƙasa sabo fil fiye da 20.

Wani zai zauna ya yi ta neman yadda za a sasanta. Babbage kuwa, da ya ga babu maƙeri, sai tunaninsa ya tafi wani wuri. Injin Bambanci aiki ɗaya ya iya. Me zai hana a yi injin da zai yi kowane irin lissafi aka umarce shi? Daga 1834 ya shiga zanen abin da za mu kira Injin Nazari, kuma a nan ne mutumin ya wuce zamaninsa da shekara ɗari.

Ya raba injin gida biyu. In muka mai da sunayen Hausa, akwai rumbu, inda ake ajiye lambobi, a wasu zane-zanen har guda 1,000. Akwai kuma maniƙa, inda ake kai lambobin a tara, a ɗebe, a ninka, a raba, sannan a mai da sakamako rumbu. Umarnin kuwa a jikin katuna masu huji yake, dabarar da ya aro daga injin saƙa na Bafaranshe Joseph Marie Jacquard, inda hujin katin ke faɗa wa zare ya ɗaga ko ya kwanta. Yana ma da hoton Jacquard da aka saƙa da siliki ta amfani da katuna kusan 24,000, yana nuna wa baƙi. Injin zai iya maimaita umarni sau da yawa, zai kuma iya duba sakamako ya zaɓi hanyar da zai bi. Mai karatu, wayar da ke hannunka a kan wannan tsari take. In ka tambayi mai shago giga nawa ce, girman rumbu kake tambaya. In ka ce tana da sauri ko tana nauyi, maganar maniƙa kake. Manhajojin da kake saukewa kuma su ne katunan. Raba ƙarfe da umarni, ta yadda inji ɗaya zai yi aiki dubu, wannan tunanin ne ya haifi duk masana'antar da muke gani yau.

Sai dai a nan ya yi abin da ya kashe shi a idon hukuma. A ƙarshen 1834 ya sanar da gwamnati cewa ya gano sabon inji wanda zai iya sa na farkon ya zama tsohon yayi. Ka sa kanka a matsayin mai riƙe da baitulmali: ka zuba dukiya shekara 11, ba a kawo maka kaya ba, sai ga mai kwangila yana ce maka akwai wanda ya fi shi. Gaskiya ya faɗa, amma taura biyu ba ta taunuwa. Aka yi ta ja masa rai har 1842, lokacin da firaminista Robert Peel ya nemi shawara. Babban masanin taurari na masarauta, George Airy, ya ce injin ba shi da amfani. Aka rufe maganar. Babbage ya je ya ga Peel, ganawar ta ƙare da ɓacin rai. Ga shi tun 1830 ya wallafa littafi yana caccakar shugabannin babbar ƙungiyar masana kimiyya ta ƙasar, wato mutanen da ya kamata su tsaya masa.

A waje an fi sauraronsa. A 1840 ya je Turin ta Italiya ya yi bayanin Injin Nazari. Wani injiniyan soja, Luigi Menabrea, wanda daga baya ya zama firaministan Italiya, ya rubuta bayanin da Faransanci a 1842. Wadda ta fassara shi zuwa Turanci ita ce Ada Lovelace, 'yar mawaƙin nan Lord Byron, wadda ta fara ganin ɗan injin falon tana da shekara 17. A 1843 ta fitar da fassarar tare da ƙarin bayani nata da ya ninka asalin tsawo kusan sau uku. A ciki akwai jerin matakan da injin zai bi ya fitar da wasu lambobi masu wuya da ake kira lambobin Bernoulli, abin da ya sa da yawa ke kiranta mai rubuta manhaja ta farko. Masana na jayayya kan wannan, tun da Babbage ya riga ya tsara irin waɗannan matakai a takardunsa. Abin da ba a jayayya a kai shi ne hangenta: ta ce in aka iya mai da abu alamomi, ko da sautin kiɗa ne, injin zai iya sarrafa shi. Ta kuma ja kunne cewa injin ba ya ƙago komai, abin da aka san yadda za a umarce shi kawai yake yi. Yau da ake ta ce-ce-ku-ce kan ƙirƙirarriyar basira, maganarta ba ta tsufa ba. A wannan shekara ta yi masa tayin ta riƙe ɓangaren hulɗa da mutane da neman kuɗi, shi ya ji da zane, bisa wasu sharuɗɗa. Ya ƙi. Ta rasu a 1852 tana da shekara 36.

Ga wani abin da ya kamata a ajiye kusa da labarinsa. Wani mai maɗaba'a a Suwidin, Georg Scheutz, ya karanta bayanin Injin Bambanci a wata mujalla. Shi da ɗansa Edvard suka ƙera nasu, ƙarami, bai kai na Babbage kyau ko inganci ba, amma yana lissafi yana bugawa. Ya sami lambar zinariya a baje kolin Paris na 1855, wata cibiyar nazarin taurari a Amurka ta saya, gwamnatin Ingila ma ta sa aka ƙera mata irinsa don jadawalin ƙididdigar rayuwa da mutuwa. A yaba wa Babbage, bai yi hassada ba, ya ma taimaka wajen tallata shi. Amma dai guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Har gobe haka kasuwar fasaha take: wanda ya kawo kayan da ke aiki yau shi ke cin kasuwa, mai jiran kayansa su zama babu aibi yana nan yana gyara zane.

Akwai wani gadonsa da ba a cika ambata ba. Neman yadda za a ƙera injinsa ya sa ya zagaye masana'antu, a 1832 ya fitar da littafi kan tattalin injuna da ƙere-ƙere. A ciki ya bayyana cewa in aka yanka aiki gunduwa-gunduwa, mai masana'anta zai biya gwani tsada kan ɗan ɓangaren da ke buƙatar gwaninta kawai, sauran a ba masu arha. Ya ga misalin haka a Faransa, inda Gaspard de Prony ya shirya manyan jadawalai da 'yan ƙwararru kaɗan a sama, a ƙasa kuma mutum 60 zuwa 80 da tarawa da ɗebewa kawai suka iya, da yawansu masu gyaran gashi ne da juyin juya hali ya raba da aiki. Karl Marx ma ya yi amfani da littafin. Dubi harkar fasaha ta yau ka gani. Ana zana waya a Amurka, a ƙera ƙwaƙwalwarta a Taiwan, a haɗa ta a Sin, a haƙo ma'adinin batirinta a Kwango. Matasa a ƙasashe irin su Kenya na zaune suna tantance hotuna da rubutu don horar da ƙirƙirarriyar basira a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ba Babbage ya ƙirƙiro wannan ba, amma yana cikin na farko da suka rubuta lissafinsa ƙarara.

Tsufansa bai yi daɗi ba. Tsakanin 1847 da 1849 ya zana Injin Bambanci na biyu, mai sassa 8,000 kacal, ya miƙa wa gwamnati a 1852, ba ta karɓa ba. Babban baje kolin Landan na 1851 ma ba a nuna injinsa ba. Ya warware wani salon rubutun sirri da aka daɗe ana ganin ba ya warwaruwa, bai wallafa ba, wani Bajamushe ya sami sunan. Ya shiga yaƙi da makaɗan titi da ke hana shi aiki, har aka yi doka a kansu a 1864, su kuma suka mai da ƙofar gidansa dandalin tsokana. Ya rasu ranar 18 ga Oktoba, 1871, yana da shekara 79, mutane kaɗan ne suka raka gawarsa. Ɗansa Henry ya haɗa wani ɓangare na maniƙar daga baya.

Shin uban kwamfuta ne? Ni dai ina ganin uba ne da 'ya'yan ba su ci gadonsa ba. Waɗanda suka ƙera kwamfutocin lantarki a shekarun 1940 ba zanensa suka bi ba, sake gano hanyar suka yi da kansu. Zane-zanensa suna ajiye ba wanda ya yi musu karatun ƙwaƙƙwafi sai wajen 1979, da wani masani ɗan Ostireliya, Allan Bromley, ya zauna a kansu.

An daɗe ana cewa maƙeran zamaninsa ne ba su kai ba. Gidan tarihin kimiyya na Landan ya gwada wannan magana. A ƙarƙashin Doron Swade suka ɗauki zanen injin na biyu, suka ƙera shi ba tare da wuce iyakar ƙwarewar da maƙeran ƙarni na 19 ke da ita ba. A 1991, shekara 200 da haihuwarsa, aka juya hannun injin ya ba da amsa mai lambobi 31 daidai. A 2002 aka gama ɓangaren ɗab'in, duka nauyinsa ya kai tan biyar. Ashe ƙarfe bai gaza ba. Abin da ya gaza shi ne zaman mai ilimi da mai sana'a, da haƙurin hukuma, da iya tsayawa a gama abu ɗaya kafin a kama wani.

Shi ya sa in na ji ana fifita mai rubuta manhaja a kan mai riƙe da sukundireba, ko ana kallon mai gyaran waya a bakin kasuwa kamar wanda karatu ya gagara, sai in ga ba a fahimci sana'ar ba. A maƙerar Clement ne wani matashi mai suna Joseph Whitworth ya yi aiki, shi ne kuma a 1841 ya fito da ma'auni guda na zaren kusoshi wanda Ingila duka ta bi. Injin bai tashi ba, amma hannayen da suka koyi aiki a kansa sun amfani duniya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mutumin da ya fi kowa basira a zamaninsa ya mutu da zane cike da akwatuna saboda bai iya riƙe ɗaya hannun ba.